Martani: Tseren Keken 'Yan Kulob Yana Da Nasa Ma'aunin

Maƙalar da wani marubucin wasanni ya wallafa kwanan baya game da tseren keke na 'yan kulob ta ja hankalin masu karatu, kuma ta cancanci a ba ta amsa. A taƙaice, cewa ya yi magidancin da yake da aikin yi, ya tashi da asubar Lahadi, ya sa matsattsun kaya, ya biya kuɗin shiga tsere don ya zo na talatin, kansa kawai yake yaudara. A ganinsa, wannan tsere kwaikwayon ƙwararru ne da masu hannu da shuni suke yi don a ga tsadar kekunansu. Ya ce yana tare wa jama'a hanya, yana jawo karaya har da asarar rai, kuma ba ya haifar da zakara. Ya rufe da shawarar cewa kuɗi da lokacin da ake kashewa a kansa gara a tattara su a kan 'yan tsirarun matasa masu baiwa, waɗanda za su iya ciyo wa ƙasa lambar yabo.

Marubucin ya iya riƙe alƙalami, kuma akwai wuraren da ya taɓo gaskiya. Inda ya kauce shi ne wajen zaɓen ma'auni. Ya ɗauko abin da ake auna wanda tsere ne sana'arsa, wato kofi da kuɗin kyauta da hoto a jarida, ya ɗora ɗan kulob a kai, ya ga bai kai ba, sai ya yanke masa hukunci. Ɗan kulob kuwa yana da abin da yake auna kansa da shi, kuma wannan ma'auni ya girmi yawancin manyan gasannin da ake kallo a talabijin yau.

A Ingila, inda al'adar kulob ta yi saiwa ƙwarai, a nan ne maganar kwaikwayo take fara tuntuɓe. A shekarar 1890, babbar ƙungiyar mahaya keke ta ƙasar, National Cyclists' Union, ta haramta wa 'ya'yanta yin tsere a kan titunan jama'a. Tsoronta kada 'yan sanda su fusata su hana hawan keke baki ɗaya, domin a wancan zamani masu keken doki suna yawan kai ƙarar mahayan da ke firgita musu dawaki. Ƙungiyar ta ce duk mai son tsere ya nufi filin da aka killace. To amma ba kowane gari ke da irin wannan fili ba, kuma mahayan sun fi son titi.

Wani ɗan kulob ɗin North Road mai suna Frederick Thomas Bidlake ne ya samo dabara. Ranar 5 ga Oktoba 1895 kulob ɗin ya shirya tseren mil 50, kimanin kilomita 80, aka riƙa sakin mahaya ɗaya bayan ɗaya da tazara a tsakaninsu. Kowa ya yi tafiyarsa shi kaɗai, a ƙarshe agogo ya raba gardama. Ɗan sandan da ya ci karo da su ba shi da hujjar cewa tsere ya gani, domin mutum guda ya gani yana sauri a kan kekensa. Shekaru masu yawa a ɓoye ake yin abin. A fara da sanyin asuba, mahaya sanye da baƙaƙen kaya tun daga wuya har idon sawu, babu lamba a bayan kowa, hanyoyin ma ba a kiran sunayensu sai da lambobin sirri da 'yan kulob kaɗai suka san fassararsu. Har yau da irin waɗannan lambobi ake kiran hanyoyin tseren agogo a Birtaniya. Gasar Tour de France ba a fara ta ba sai 1903, kuma ba ta saka tseren agogo na mutum ɗaya ɗaya a cikin zangunanta ba sai 1934. Da wuya a kira mutanen da suka riga ta da kusan shekara 40 masu kwaikwayo.

Tseren taro ma, wanda ake sakin kowa lokaci guda, 'yan kulob ne suka ƙwato shi a Ingila. Percy Stallard, mai shagon keke a garin Wolverhampton, ya lura cewa ƙarancin man fetur na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya bar tituna fayau. Ya nemi yardar 'yan sanda, ya samu, ranar 7 ga Yuni 1942 ya shirya tseren mil 59 daga Llangollen zuwa Wolverhampton. Babbar ƙungiya ta dakatar da shi da waɗanda suka shiga. Maimakon su ba da haƙuri, sai suka kafa tasu ƙungiyar, British League of Racing Cyclists, aka yi ta ja-in-ja har 1959 da aka haɗe su wuri guda. Wannan taurin kai ne ya buɗe wa Birtaniya ƙofar manyan gasanni. Brian Robinson, kafinta kuma ɗan kulob ɗin Huddersfield tun yana yaro, yana cikin 'yan Birtaniya biyu na farko da suka kammala Tour de France a 1955, kuma shi ne ɗan ƙasar na farko da ya ci zango a gasar, a 1958.

Sai batun zuwa na talatin, wanda marubucin ya maimaita cikin ba'a. A tseren agogo, tsawon hanyoyin sananne ne: mil 10, mil 25, mil 50, mil 100, sai na awa 12 da na awa 24. Tunda tsawon ba ya canzawa, kowane mahayi yana riƙe da lokacinsa mafi kyau a kansa kamar yadda ya san shekarunsa. A watannin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba, kulob-kulob da yawa suna shirya tseren mil 10, kilomita 16 ke nan, da yammacin wata rana a tsakiyar mako. Kuɗin shiga kaɗan ne, masu riƙe agogo da masu nuna hanya duk 'yan sa-kai ne, a ƙarshe a taru a sha shayi a duba allon sakamako. Mutumin da ya yi minti 27 a makon jiya, yau ya yi 26 da daƙiƙa 40, zai koma gida da farin ciki ko da shi ne na ƙarshe a allon. Babban burin ɗan kulob da ya fara ƙarfi shi ne ya gama mil 25 cikin ƙasa da awa guda. Wannan yana nufin ya riƙe gudun da ya ɗara kilomita 40 a awa, shi kaɗai, iska na dukan ƙirjinsa, babu wanda zai laɓe a bayansa. Wasu sai sun yi shekaru suna nema kafin su samu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a dandalin kokawa bayan an kai amfanin gona gida ya san wannan. Ba a taɓa ce wa saurayin ƙauye ya zauna a gida don ba zai kai ga ɗaukar takobin Nijar ba. Yana shiga ne don ya san inda ƙarfinsa ya tsaya a cikin sa'o'insa, kuma masu ɗaukar takobin ma daga irin wannan dandali suke fitowa.

Wannan al'ada ta agogo ta fitar da mutanen da tarihin wasan bai manta da su ba, kuma dukansu da aikin da suke ci da shi. Ray Booty ne ya fara gama mil 100 cikin ƙasa da awa huɗu, a watan Agusta 1956, da awa 3 da minti 58 da daƙiƙa 28. Alf Engers, mai aikin gidan burodi a Landan, shi ya fara gama mil 25 cikin ƙasa da minti 50, a 1978, da minti 49 da daƙiƙa 24.

Amma babu wanda ya kai Beryl Burton. An haife ta a yankin Leeds a 1937, mijinta Charlie ne ya kai ta kulob ɗin Morley. Tana aikin ƙarfi a gonar kayan lambu, tana rainon 'yarta, tana tsere a ƙarshen mako. A haka ta zama zakarar duniya sau bakwai, biyu a kan titi a 1960 da 1967, biyar a filin zagaye. Shekara 25 a jere, daga 1959 zuwa 1983, babu macen da ta karɓe mata kambun gwanar tseren agogo ta Birtaniya. A 1967 ta shiga tseren awa 12, aka sake ta a bayan maza. Can cikin yini ta cim ma Mike McNamara, wanda a ranar yake kan hanyar kafa sabon tarihin maza. Da ta zo wuce shi sai ta sa hannu a aljihu ta miƙa masa alewa, ya karɓa ya yi godiya. Shi ya gama da mil 276.52, ya kafa tarihin nasa. Ita ta gama da mil 277.25, fiye da kilomita 446, sai da maza suka yi shekara biyu kafin ɗayansu ya wuce wannan adadi. Har ta rasu a kan kekenta a 1996 ba ta taɓa mai da tsere sana'a ba. Idan aka bi ma'aunin marubucin, ita ma tana cikin masu yaudarar kansu.

Akwai kuma abin da maƙalar ba ta leƙa ba sam, wato abin da ke faruwa a cikin ayarin mahaya. Mai kallo daga gefen titi yana ganin mutane suna taka feda ne kawai. Wanda ke ciki ya san cewa da iska ake faɗan. Idan gudu ya kai kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake ƙarewa, wanda ya laɓe a bayan wani kuwa yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar. Binciken da Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven da abokan aikinsa suka wallafa a 2018, a kan ayari mai mahaya 121, ya nuna cewa wanda ke can tsakiya ta baya yana fuskantar kashi 5 zuwa 10 cikin 100 kawai na turjiyar iskar da zai fuskanta shi kaɗai. Saboda haka tseren taro lissafi ne tun daga farko: yaushe za ka fito gaba ka karɓi iska, yaushe za ka ja baya, wa za ka bi idan ya ɓalle, wa za ka ƙyale ya gaji da kansa.

Sabon shiga yakan koyi wannan da wahala. Labarin tseren farko kusan iri ɗaya ne a bakin 'yan kulob. Mutum ya yi watanni yana atisaye shi kaɗai, ya ɗauka ya shirya. Saboda tsoron cunkoso sai ya koma can baya. A kowace kwana na gaba suna wucewa da gudunsu, na baya kuwa sai sun taka birki, sannan su miƙe tsaye a kan feda su kamo ayari. Bayan kwana goma sha wani abu ƙafafu su ƙi, tazarar taku biyu ta zama ta goma, iskar da ayari ke tare masa ta dawo kansa gaba ɗaya, yana ji yana gani su ɓace masa. Wanda ya dawo mako na gaba yakan zo da darasi: ya matsa gaba, ya daina tsoron tayar da ke gabansa, ya ci ɗan abinci ya sha ruwa tun kafin jiki ya nema. Ranar da ya fara ƙarasawa tare da ayari, ko a wane matsayi, rana ce da yake tunawa. A tsarin hukumar British Cycling, kowa daga aji na huɗu yake farawa, sai ya tara maki 12 a kaka guda ya hau aji na uku, daga nan maki 40 su kai shi na biyu. Hikimar ajin ita ce direban bas mai shekara 45 ya kara da irinsa, kada a haɗa shi da matashin da ke neman kwantiragi.

Da'awar cewa wannan tsere ba ya haifar da zakara ita ce ta fi rauni. Kristen Faulkner, 'yar jihar Alaska ta Amurka, tana aikin zuba jari a New York lokacin da ta je wani darasin koyon tseren keke na mata a lambun Central Park a 2017. A tseren kulob na sassafe ta koyi wasan, kafin ta tafi ofis. Ranar 4 ga Agusta 2024 ita ta ci zinaren tseren titi na Olamfik a Faris. Wadda ta riga ta, Anna Kiesenhofer 'yar Ostiriya, labarinta ya fi ban mamaki. Dakta ce a fannin lissafi, tana aikin bincike a jami'ar fasaha ta Lausanne a Suwizalan, ba ta da kwantiragi da kowace ƙungiya, ita ke tsara wa kanta atisaye. Ranar 25 ga Yuli 2021 a Tokiyo ta ɓalle tun daga farkon tseren kilomita 137 tare da wasu 'yan kaɗan, ta yi kusan kilomita 41 na ƙarshe ita kaɗai. A Olamfik ba a yarda da rediyon da koci ke magana da mahaya ba, sai lissafi ya kuɓuce wa ƙwararrun Holan. Annemiek van Vleuten ta tsallaka layi ta ɗaga hannu tana murna, ashe wata ta riga ta da minti 1 da daƙiƙa 15.

Marubucin zai iya cewa waɗannan misalan Turai da Amurka ne, inda tituna suke da kyau kuma aljihu yake da nauyi. To ga Eritiriya, ƙasar da yawan jama'arta bai kai na jihar Kano ba. Italiyawa ne suka kai wasan can a zamanin mulkin mallaka, aka yi zagayen ƙasar na farko a 1946. A Asmara, birnin da ke kan tudu mai tsayin fiye da mita 2,300, akan rufe wasu tituna a ƙarshen mako don tseren kulob-kulob, yara da matasa da manya kowa da ajinsa, jama'a su cika gefen hanya suna ihu. Daga irin wannan taro Daniel Teklehaimanot ya fito, ya sa rigar gwanin hawan tudu a Tour de France ta 2015. Daga nan kuma Biniam Girmay ya fito, ɗan kafinta, wanda ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam a watan Maris 2022, ya ci zango a Giro d'Italia a watan Mayu na wannan shekara, sannan a 2024 ya ci zango uku a Tour de France ya tafi gida da koriyar riga. Babu wani kwamiti da ya zauna ya nuna Girmay da yatsa tun yana goye. Cikin ɗaruruwan yaran da suke tsere a titunan Asmara ya yi ta cin na gabansa har idon duniya ya kai kansa, sauran ɗaruruwan kuma su ne suka sa cin nasa ya zama abin a zo a gani.

Ruwanda ma haka. Zagayen ƙasar ya fara ne a 1988 a matsayin tseren cikin gida na masu sha'awa, bai shiga jadawalin hukumar tseren keke ta duniya ba sai 2009, kuma wasu daga cikin mahayan ƙasar da suka yi suna da acaɓar keke suka fara. A watan Satumba 2025 Kigali ta karɓi baƙuncin gasar tseren titi ta duniya, karo na farko da aka yi ta a nahiyar Afirka. A Burkina Faso kuwa, maƙwabciyar Nijar, Tour du Faso tana gudana tun 1987, 'yan kulob daga Turai suna zuwa su kara da 'yan gida a cikin zafi da ƙura, kuma 'yan gidan suna ci: Mathias Sorgho a 2018, Paul Daumont a 2023.

A kan tsada, marubucin yana da gaskiya zuwa wani mizani. Keken da ƙwararru ke hawa yakan haura dala 10,000, kuma a kowane kulob na babban birni ba a rasa wanda ya sayi irinsa alhali ƙafarsa ba ta kai kuɗin ba. Sai dai layin ƙarshe ba ya tambayar rasit. Graeme Obree, ɗan Sikotland da shagon kekensa ya karye, shi ya ƙera kekensa da hannunsa, har da boris ɗin da ya ciro daga injin wankin gidansa. Ranar 17 ga Yuli 1993, a garin Hamar na ƙasar Norwe, ya yi kilomita 51.596 cikin awa guda a kan wannan keke, ya karya tarihin duniya da Francesco Moser ya riƙe tun 1984. Obree ma a tseren agogo na kulob ya taso. Mai keken tsada da ya zo don a gan shi yakan gane matsayinsa tun a tudun farko, kuma tsere ne kaɗai wurin da ake gaya masa wannan gaskiya ba tare da an yi masa kara ba.

Akwai wata hujja da ta fi duk waɗanda marubucin ya kawo ƙarfi, ko da yake bai ambace ta ba, ita ce maguɗi. Ya shigo cikin 'yan kulob ma. A 2012 an kama mahaya biyu a tseren Gran Fondo New York da sinadarin EPO mai ƙara jajayen ƙwayoyin jini, a tseren da yawancin masu shigarsa don nishaɗi suka zo. A watan Oktoba 2017, a yankin Dordogne na Faransa, an kama wani ɗan aji na uku mai shekara 43 da ɗan ƙaramin inji ɓoye a cikin kekensa. Christophe Bassons, tsohon ƙwararren da ya yi suna wajen ƙin shan ƙwaya, wanda daga baya ya koma aikin yaƙi da ita, shi ya bi shi da mota har ya tare shi. Abin kunya ne, babu mai musu. Amma idan maguɗi ne zai sa a rufe wani ɓangare na wasan, ɓangaren ƙwararrun da marubucin yake so a zuba wa kuɗi shi zai fara rufuwa, domin a can ne aka karɓe wa Lance Armstrong kofunan Tour de France guda bakwai a 2012.

Haɗari ma gaskiya ne. Ana faɗuwa, fata tana salewa, ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa yana yawan karyewa, wani lokaci har a rasa rai. Maganin da ƙasashen da suka daɗe a wasan suka samo shi ne tsari. A Ingila akwai dokar 1960 da ta tsara tseren keke a kan titi, wadda ta wajabta a sanar da 'yan sanda kwana 28 kafin ranar. Ana zaɓen hanyoyin da ba su da cunkoso da lokacin da motoci suka yi ƙaranci, a sa masu tuta a mararraba, a ƙayyade yawan mahaya, a tilasta hular kwano. Matasan da ke son gwada gudunsu za su gwada ko da tsari ko babu. Bambancin shi ne ko za su yi shi da mai tuta a gabansu da motar agaji a bayansu, ko kuwa a tsakanin tireloli.

Game da tare hanya, tseren Cape Town na Afirka ta Kudu ya isa misali. Mutum biyu, Bill Mylrea da John Stegmann, suka shirya shi a 1978 don jawo hankalin hukuma ga buƙatar hanyoyin keke a birnin, mahaya 525 suka fito. Yau tsawonsa kilomita 109 ne, kuma a wasu shekaru yakan tara mahaya kusan 35,000, daga masu neman kofi zuwa dattawan da burinsu su iso kafin a tashi. Rana ɗaya ake rufe hanyoyin a shekara, otal-otal su cika, ribar kuma a raba ta ga ayyukan taimakon jama'a da bunƙasa hawan keke. A watan Maris 2017, da iska ta yi ƙarfi har tana kayar da mutane a wurin farawa, masu shiryawa suka soke tseren a safiyar ranar, duk da dubban baƙin da suka riga suka iso daga nesa.

Wannan ya kawo magana gida. A Olamfik ta 2024, Ese Ukpeseraye ta zama ta farko da ta wakilci Najeriya a tseren keke, kuma labarin da ya zagaya duniya shi ne cewa tawagar Jamus ce ta ara mata keken da ta shiga tseren filin zagaye da shi. Mai ra'ayin marubucin zai ce wannan ya nuna a tattara kuɗi a kan irinta. A saya mata keke, babu laifi, haƙƙinta ne. Amma Najeriya tana da filin tseren keke na zagaye a babban filin wasa na Abuja tun wasannin Afirka na 2003, har ta karɓi gasar nahiya a cikinsa a 2022, kuma ginin bai samar mata da irin cincirindon mahayan da Asmara ke da su ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne tseren mako-mako a garuruwa, inda za a riƙa gwadawa ana sanin na ƙwarai.

Keke ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Akwai ɗalibin da ke taka shi kilomita da yawa zuwa makaranta kullum, akwai manomin da ke ɗora masa buhu ya kai kasuwar ƙauye ya dawo a rana guda. Babu wanda ya taɓa riƙe wa waɗannan ƙafafu agogo. Tseren kilomita 16 irin na kulob-kulob ɗin Ingila ba ya buƙatar filin wasa ko kasafin gwamnati. Yana buƙatar miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso a bayan gari, da izinin 'yan sanda da hukumar kiyaye haɗurra, da agogo biyu, da 'yan sa-kai masu tuta, da hular kwano ga kowa, a fara bayan sallar asuba a gama kafin hantsi. A raba aji, masu keken tsere daban, masu keken gida daban, a rubuta lokacin kowa a littafi, a dawo bayan mako biyu. A cikin masu zuwa za a samu tela da malamin makaranta da mai faci waɗanda ba za su taɓa wuce garinsu ba, kuma kuɗin shigarsu da lokacinsu su ne za su riƙe tseren ya ɗore har ranar da wani yaro ɗan shekara 15 zai zo ya ba kowa tazarar minti biyu.

Marubucin yana so a kashe kuɗi a kan wannan yaro, kuma a nan babu saɓani. Abin da bai faɗa ba shi ne yadda za a gano shi a cikin miliyoyin yara idan an hana tela da malamin makaranta tseren da zai fito a cikinsa. Idan yana da wata hanya, masu karatu suna jiran ya kawo ta a rubutunsa na gaba, tare da sunan ƙasar da ta bi ta ta yi nasara.